Teburin kek na 'yar shekara 10: na yi ƙorafin gishiri, na sha kunya

Sau biyar ke nan ina ciniki a wannan tebur, saboda haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina a kansa. Tebur ne na roba mai naɗewa, irin wanda muke haya ranar suna. Ana kafa shi Asabar ɗin farko ta kowane wata a bakin zauren taron unguwarmu, a wani gari mai tafiyar kusan awa ɗaya daga Dablin, a ƙasar Ayalan. Buɗewa ƙarfe goma na safe, tashi sha biyu da rabi, ko kuma duk lokacin da ruwan sama ya ga dama. Mai shagon shekararta 10. Ma'ajinta ƙanenta ne ɗan shekara 7, mai giɓi a gaba saboda famfarar haƙori. Uwarsu kan zauna cikin mota can gefe da kofin shayinta, ba ta tsoma baki sai an kira ta. Kuɗin da aka samu kuwa ko sisi ba sa taɓawa. Duka ake aika wa ƙungiyar Cystic Fibrosis Ireland, wadda tun 1963 take tsaye kan al'amuran masu wata cutar gado da ake kira sistik faiburosis, ko CF a taƙaice.

Ranar da na fara tsayawa cikin watan Afrilu ne. Ina dawowa daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi, idona kamar an zuba barkono, cikina yana kiran ciroma. Tsakani da Allah ba tausayi ne ya tsayar da ni ba, ƙamshin man shanu ne. Ina ma da tsohon ra'ayi a kan irin wannan ciniki na neman lada: yawanci sadaka kake bayarwa, a haɗa ka da kek ɗin da ya bushe kamar ƙanzo, ka yi murmushi ka yi godiya, ka kai gida ka marmasa wa tsuntsaye. Da wannan zaton na miƙa kuɗina.

Abin da ya fara ƙaryata ni shi ne sikon, wani ɗan dunƙulallen burodi da mutanen nan ke shan shayi da shi. Yuro 2 ne, da man shanu da jam a gefe. A kwando suke ajiye shi, an lulluɓe da tawul, kuma in ka zo kafin sha ɗaya za ka same shi da ɗumi. Kakarsu ce ke gasawa da asuba. Na ci sikon a shaguna masu kujeru da kiɗa a kan kuɗin da ya ninka wannan, bai kama ƙafar nata ba. Akwai kuma burodin soda mai ruwan ƙasa, Yuro 4, wanda ba a sa masa yis, da tsala ake kwaɓa shi. Yana da nauyi a hannu da ɗan tsami-tsami a baki. Na kai shi gida na gwada da farfesun kaza, Abban yara bai ce komai ba sai da ya share kwano, sannan ya tambaya ko da saura. Kek ɗin cakulan da suke yankawa murabba'i shi ne mai rauni a cikin kayan. Sau biyu cikin biyar na same shi tsakiyarsa bai gama nuna ba. Yara na son sa a hakan, ni dai a'a.

Sai biskit ɗin da ya jawo wannan rubutu. Shi mai shagon ce ke yi da hannunta. Ƙasansa biskit ne mai man shanu har yana maiƙo a yatsa, samansa narkakken sukari mai danƙo kamar alewar madara, sannan an barbaɗa masa gishiri mai tsakuwa, ba kaɗan ba. Cizon farko sai da na yamutsa fuska. Da na koma wata na biyu, sai na ce bari in yi mata gyara irin na uwa, tunda gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na ce mata, da Turancina mafi taushi, 'yata, biskit ɗinki ya yi daɗi, amma hannunki ya yi nauyi a gishiri.

Ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Ta nuna mini wani faranti a ɗaya gefen, ta ce wancan ne marar gishiri, shi aka yi domin irina. Wannan kuwa na ƙawarta ne, haka take son sa, haka kuma jikinta ke buƙata. Ta ce ƙawar tata mai CF ce, in ta yi gumi gishirin jikinta fita yake yi fiye da na sauran mutane, kuma abinci mai maiƙo ba ya kama jikinta sai ta haɗiyi ƙwayoyi kafin ta ci, shi ya sa likitar abincinta ta ce a riƙa ƙara mata gishiri da mai. Ta faɗi wannan duka tana ƙirga wa wani dattijo sikon shida cikin jaka, ko kallona ba ta cika yi ba. Ni da na yi shekaru ina aikin jinya, ina tsaye da rigar aiki a jikina, yarinya 'yar firamare tana koya mini darasi. Kunya ta rufe ni. Na sayi guda huɗu na mai gishirin.

Abin da ta faɗa daidai ne, ba ƙari ba ragi. A jikin kowane mutum akwai wata 'yar ƙofa a bangon ƙwayoyin halitta wadda sinadarin gishiri ke bi ya fita, ruwa ya bi bayansa, shi ke sa majinar da ke huhu da hanji ta zama mai tsinkewa, mai saurin gangarawa. Mai CF ya gaji lalatacciyar ƙofa daga uwa da uba. Sai majinar ta yi kauri kamar ƙaro, ta toshe hanyoyin iska a huhu, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Ta kuma toshe gaɓar nan da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, mai fitar da ruwan narkar da abinci, sai yaro ya yi ta ci ba ya ƙiba. A fata kuma gishirin da ya kamata jiki ya mayar ciki sai ya tafi da gumi. Turawan da can suna da camfin cewa jaririn da aka sumbaci goshinsa aka ji gishiri an yi masa maita, ba zai daɗe ba. Da na ji wannan sai na tuna yadda kakanninmu ke cewa ɗan wabi idan mace tana ta haihuwa 'ya'yan suna komawa. Kowa da sunan da yake bai wa abin da ya gagare shi fahimta. Sai a 1938 wata likita a New York, Dorothy Andersen, ta bayyana cutar a matsayin cuta mai zaman kanta, kuma sai a 1989 masu bincike a Toronto da Michigan suka gano ainihin ƙwayar gadon da ke da laifin. Har yau gwajin gumi ne ake tabbatar da ita da shi. Camfin tsofaffin bai yi kuskure a kan gishirin ba, a kan dalilin ne ya kauce.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka duk mai CF gishiri da mai za a ɗura masa. Likitan abinci ne ke tsara wa kowa nasa, kuma da zuwan sababbin magunguna wasu har ƙiba suke yi, ana rage musu. Biskit ɗin nan na yarinya ɗaya ne, a kan ma'auninta aka yi shi.

Wanda bai zauna a nan ba zai yi mamakin yadda yarinya ƙarama ta san wannan duka. Ayalan ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu cutar idan aka kwatanta da yawan jama'a. Wajen mutum 1,400 ne ke fama da ita a ƙasar da mutanenta miliyan biyar ne da 'yan kai, kuma kusan mutum 1 cikin 19 yana ɗauke da ƙwayar gadon ba tare da ya yi ciwo ba. Tun 2011 duk jaririn da aka haifa ana haɗa gwajinta cikin ɗigon jinin da ake ɗauka a diddigensa a kwanakin farko. Nawa autan ma an yi masa. Da wuya ka sami unguwar da ba a san wani mai ita ba. Mu kuwa wannan lissafin ba baƙo ba ne gare mu, domin irin gadon sikila ne sak: uwa na ɗauke da ita, uba na ɗauke da ita, su duka lafiya lau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da sikila, har ta kai a 2024 jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure. Ni na tashi a Zariya tare da ƙane mai sikila. Na san ƙarar tashin dare, na san warin asibiti da asuba. Wataƙila shi ya sa teburin nan ya kama ni fiye da yadda biskit kaɗai zai iya.

Yanzu ga 'yan'uwa Musulmi, wannan sashen naku ne. A teburin akwai wani kek da ake haɗa cakulan da gutsattsarin biskit da alewar nan mai laushi kamar auduga, mashmalo. 'Yata ta tsakiya ta miƙa hannu, na riƙe ta. Mashmalo yawanci da jelatin ake yin sa, jelatin ɗin kuma sau da yawa na alade ne. Kowane faranti a teburin yana da ɗan kati da aka rubuta da alƙalami mai launi: akwai ƙwai, akwai madara, akwai alkama, akwai gyaɗa. Dokar Turai ta lissafa abubuwa 14 masu tayar da borin jini da dole mai sayar da abinci ya bayyana, amma alade ba ya cikinsu, don haka babu laifin kowa. Na yi wa mai shagon bayani a taƙaice. Ta saurara da idanu a buɗe, ta ce ba ta taɓa ji ba. Na ɗauka magana ta wuce. Wata na gaba ina isa ta ɗaga mini hannu tun daga nesa. Ta nemo mashmalo marar jelatin ɗin dabba, ta ajiye ledarsa a ƙarƙashin tebur don in karanta da idona, a katin kuma ta rubuta babu alade, ta ja layi biyu a ƙasa. 'Yata ta dube ni ta ce, Umma, yau dai ba ki da hujja. Ba ni da ita kuwa. Akwai manyan shagunan da na yi wa irin wannan tambaya sau uku ban sami amsa ba.

Abin da ya ba ni dariya daga baya shi ne, ƙwayoyin nan da ƙawarta ke haɗiya kafin kowane abinci, irin su Creon, daga fankiriyas ɗin alade ake samar da su. Musulmin da ke da CF su ma su suke sha, bisa larura. Na gaya wa Abban yara, ya girgiza kai ya ce ikon Allah, abin da muka guje wa a kek shi ne ke riƙe da ran wani.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba a faranti yake ba. Bayan teburin, nesa kaɗan, akwai kujera ɗaya ta roba, an ja layi da alli a ƙasa tsakaninta da inda masu saye ke tsayawa. Sau biyu na gan ta babu kowa a kai. A karo na uku na ga wata siririyar yarinya mai jar hula zaune, tana ƙirga furanni a kwali tana dariya. Ita ce ƙawar. A gaban teburin kuma akwai ruwan goge hannu da wani rubutu da ke roƙon mai tari ko mura ya tsaya daga baya, za a kawo masa kayansa. Murar da za ta yi mini kwana uku ta tafi tana iya kwantar da mai CF a asibiti mako biyu ana yi masa ƙarin magani ta jijiya.

Akwai abin da ya fi wannan ma. Masu CF ba a son su kusanci juna. Ƙwayoyin cutar da ke zama a huhun wannan, irin su Pseudomonas, ba sa cutar da mai lafiya, amma in suka tsallaka zuwa huhun wani mai CF suna iya zama masa masifar da ba ta fita. Shawarar likitoci ita ce kada su haɗu, in kuwa ta kama dole to a bar aƙalla mita biyu a tsakani. Akwai wani magidanci a garin, shi ma mai cutar, da ke son zuwa sayen burodi. Uwar mai shagon ce ta gaya mini cewa yarinyar da kanta ta tsara musu lokaci: ƙawarta daga goma zuwa sha ɗaya, a goge kujera da tebur, shi kuma ya zo bayan sha ɗaya da rabi. Duk daren Juma'a sai ta sa an aika wa gidajen biyu saƙo don tabbatarwa. Mutum biyu da suka fi kowa sanin halin da juna ke ciki, a gari ɗaya, ba su taɓa gaisawa hannu da hannu ba.

Na yi ta juya wannan a raina a hanyar gida. Lokacin da nake raka Innarmu da ƙanena asibiti a Shika, abin da ke rage mana zafi shi ne bencin jira. Iyaye mata a jere, wannan ta ba waccan labarin abin da ta gwada, a raba ƙosai, a yi wa juna jaje, yaran su yi wasa a ƙasa. Masu CF an hana su wannan bencin. Ba za su cika zaure su yi taron kansu ba, ba za su jeru a titi su nemi taimako kafaɗa da kafaɗa ba. Dole wani mai lafiyayyen huhu ya tsaya a madadinsu cikin sanyi da taron jama'a. A unguwarmu wadda ta tsaya ɗin ba ta gama firamare ba. Uwar ta kuma ce mini, a hankali don kada 'yar ta ji, in an kwantar da ƙawar 'yar tata ce ke kai mata aikin makaranta, kuma da safe lokacin da ƙawar ke zaune da na'urar shaƙar magani a fuska sukan yi hira ta bidiyo don lokacin ya wuce. Da yamma su yi tsalle tare a katifar tsalle ta bayan gida, abin da likitocin motsa jiki ke ƙarfafawa saboda yana taimakawa majina ta saki. Yarinyar ba ta taɓa ambata mini ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ita maganarta a kan sikon ce da canji.

Canjin nan ne ma babbar matsalar shagon. Ma'aji yana da gaskiya amma ba shi da sauri. In ka ba shi Yuro 10 a kan cinikin 7, sai ya ajiye komai ya fito da yatsu, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya kira yayarsa ta tabbatar. Layi ya yi tsawo, iska tana kaɗa mutane. Ba sa karɓar kati, a ƙasar da mutane da yawa sun daina yawo da tsabar kuɗi, kuma na ga masu saye biyu sun juya saboda haka. Shayin da ke cikin fulas ɗinsu kuwa, in ka wuce sha ɗaya, ruwan ɗumi ne mai launi. Kada ka saya. Babu rumfa, sai wata lema guda da ake karewa kek da ita a bar mutane su jiƙe. Mai shagon kanta tana da surutu, duk wanda ya yi tambaya ɗaya sai ya sami amsa uku. Sannan a ganina farashinsu ya yi ƙasa. Na faɗa mata, ta ce in ta ƙara, yaran makarantarsu ba za su iya saye ba. Na ja bakina na yi shiru, tunda na riga na sha kaye sau ɗaya.

Abin da ba zan rage musu maki a kansa ba shi ne amana. A kusurwar tebur, cikin leda don kada ruwa ya taɓa, akwai takardar shaidar aika kuɗin watan da ya wuce, da adadi da kwanan wata. Ba wanda ya tambaye su. Na halarci tarukan neman taimako na manya masu rawani da lasifika, gida da waje, inda aka tara abin da ya ninka wannan sau ɗari, har yau ban ga takarda ba. Ƙungiyar da suke aika wa tana tallafa wa bincike da gina ɗakunan jinya na musamman a asibitoci, tana kuma ba marasa lafiya tallafi kai tsaye, kamar na motsa jiki da na masu jiran dashen huhu. Na san wani zai ce ai yanzu akwai magani. Gaskiya ne, Kaftrio da aka amince da shi a Turai a 2020 ya sauya rayuwar mafi yawan masu cutar, yaran da a da ba a sa ran za su girma yanzu ana yi musu maganar jami'a da aure. Amma ba warkewa ba ce, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba, ya danganta da irin lahanin da mutum ya gada. A Amurka farashinsa ya haura dala 300,000 a shekara, abin da ke nufin akwai ƙasashe da dama da sai dai su ji labari.

Furannin da ƙawar ke ƙirgawa a kwali kuwa na wardi ne na roba, launin shunayya, ana maƙalawa a ƙirji. A watan Afrilu ake sayar da su ko'ina a ƙasar, ranar da ake kira 65 Roses. Asalin sunan daga Amurka ne. A 1965 wata uwa mai suna Mary Weiss, wadda 'ya'yanta maza uku ke da cutar, tana ta buga waya tana nema wa ƙungiyar masu CF taimako. Ɗanta ɗan shekara 4 da ke saurare bai iya furta sunan cutar ba, sai ya ji kamar fure sittin da biyar take cewa, domin a Turanci lafazin biyun kusan ɗaya ne. Ma'aji mai giɓi ne ya ba ni wannan labarin, da iska na fita ta giɓin, har ni ma na kasa bambance wanne yake faɗa a ciki.

A zuwana na biyar na ce ni ma bari in kai gudummawa. Na kwana ina soya cincin, na haɗa zoɓo jarka guda da citta da kanumfari da abarba, ina ta murna launinsa ya kusa dacewa da na furannin. Na sauke kaya a gaban tebur ina jiran godiya. Mai shagon ta ɗanɗana cincin ta ce ya yi daɗi, ta kurɓi zoɓo idonta ya kawo ruwa saboda citta. Sannan ta miƙo mini kati biyu da alƙalami mai launi, ta ce ba za ta ɗora su a tebur ba sai na rubuta duk abin da ke ciki. Na tsuguna a gefen titi da hijabina ina rubuta fulawa, ƙwai, madara, man gyaɗa. Da ta ga gyaɗa sai ta ware cincin ɗin can ƙarshen tebur shi kaɗai, ta ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar.

Cincin ya ƙare kafin sha ɗaya da kwata, Yuro 1 kowane ƙulli. Zoɓo kofi tara kawai aka saya, uku daga ciki Abban yara ne. Ta ce wata mai zuwa in rage citta.